Tsintsiyar da Ta Share Fuskar Matar Tela

Ku yaran yanzu, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Kun iya fara abu, ba ku iya riƙe shi ba. Yau mutum ya ƙirƙiro wani abu ya baza wa duniya ana tafa masa, gobe ya juya baya ya tafi wasansa. In an yi magana ya ce, "Ai kyauta na bayar." Wa ya gaya muku kyauta tana sauke amana? Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya, ko bai karɓi sisin kowa ba, in ya bar ta ba murfi aka faɗa, shi za a tambaya.

Ku karanta wannan har ƙarshe. Ban ce a tsallake ba.

Akwai wani saurayi da ake ce wa Barewa. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa sunan, don ba a taɓa aikensa ya tafi a hankali ba, sai da gudu. Iyayensa sun rasu da wuri, sai kawunsa ya riƙe su, shi da yayarsa.

Kawun nan mai hoto ne. Shagonsa yana kan wani titi mai hayaniya, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da takalma. A gaba akwai benci da madubi da labulen da ake tsayawa a gabansa. A ciki akwai ɗan ɗakin da a da ake wanke hoto. Yanzu kwamfuta ce a ciki, amma har yau warin maganin wankin bai bar bangon ba.

Aikin da aka fi sanin Kawu da shi shi ne tayar da tsohon hoto. Mutum zai kawo hoton mahaifinsa da gara ta lasa, ko wanda ya karce a aljihu. Kawu ya ɗauke shi da kyamara, ya sa a kwamfuta, ya zauna yana goge tabo ɗaya bayan ɗaya har bayansa ya ƙage.

Barewa ya yi karatun kwamfuta, har ya samu aikin ofis. Ganin wahalar kawunsa ya sa ya haɗa wani ɗan ƙari da ake liƙa wa manhajar gyaran hoto, kamar yadda ake ɗaura wa keken ɗinki wata ƙafa daban don wani irin ɗinki. Aikin abin ɗaya ne, ya bi hoto ya share karce da tabo. Kuma kafin ya taɓa komai, sai ya ajiye hoton na asali a gefe, don in gyaran bai yi ba a koma masa. Yayarsa ce ta raɗa wa abin suna Tsintsiya.

Ya sa ta a intanet kyauta. Kafin a ce me, masu hoto a garuruwan da bai taɓa takawa ba sun ɗauka. In ya yi mata gyara, gyaran da kansa yake shiga kwamfutocin mutane, ba sai sun nema ba. Wannan alheri ne, ba zan hana shi ladansa ba.

Amma Kawu ya kafa masa sharaɗi. A zamanin da ake wanke hoto da ruwan magani, ba a ɗaukar takarda sukutum a sa mata haske. Sai an yanki ɗan siriri an gwada, an ga hasken ya yi daidai. Guntun gwaji suke ce masa. Kawu ya ce haka za a riƙa yi wa Tsintsiya. Duk gyaran da Barewa ya yi, sai ya kawo shago an gwada a kan wasu tsofaffin hotuna da ba mai su, Yaya ta duba da idonta, sannan a sake wa jama'a. Shekaru ana haka, ba a taɓa samun kuka ba.

To, Barewa yana da wani abin ƙauna na biyu, shi ne tseren daji. Ba irin gudun da ake zagaya fili a dawo ba. Ƙungiya-ƙungiya ake shiga. A kai su can inda ba hanya, a ba su taswira da kamfas mai nuna gabas da yamma, a ce su nemi mafita. Su yi gudu, su hau keke, su tuƙa kwalekwale, su hau dutse da igiya, kwana da kwanaki. Ni dai ban san abin da aka rasa a gida da za a je nema a kan dutse ba, amma ba laifi ba ne, kuma ya fi zaman banza. Dokar tseren ita ce a sa wayar kowa a leda a liƙe. Wanda ya buɗe tasa, an kori ƙungiyarsu ke nan.

A wajen shirin tsere ba a kai Barewa tsanaki. Igiya sai ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe. Fitila sai ya haɗa da ta ko-ta-kwana. Keke kuwa ko ƙusa ɗaya ya ɗaure, sai ya hau ya zaga unguwa ya ji motsinsa.

Wata rana wani da ba a san ko waye ba ya rubuta a intanet cewa Tsintsiya tana da kyau, sai dai hawainiya ce. Mutum ɗaya tak cikin masu godiya rututu. Amma Barewa ba ya jure a haɗa sunansa da nawa. Ya zauna ya sake mata ciki, ya ƙara mata ƙarfi da sauri. Bai gama ba sai ranar da za su tafi wani babban tsere.

Da safe ya biyo ta shago da jaka a baya. Motar abokansa tana tsallaken titi, kekuna ɗaure a samanta. Yaya tana sharar ƙofar shago.

"Yaya, ina Kawu?"

"Bai fito ba tukuna. Kai kuma ina za ka da wannan wandon kamar da ragowar yadi aka ɗinka maka?"

"Na gama sabuwar Tsintsiya. Yanzu kafin ki kai kofi baki ta gama hoto."

"Madalla. Shigo mu yi guntun gwaji."

"Ba lokaci. Ga su can suna min hon."

"To bar ta sai ka dawo. Wa ke korarka?"

"Na riga na faɗa wa mutane yau za ta fito."

"Auta, ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ni na haɗa ta, Yaya. Na san ta kamar yunwar cikina."

Ta jingina tsintsiyar hannunta da bango. "To ba ni kalmar sirrin Tsintsiyar taka. Tunda wayarka za ta shiga leda, in wani abu ya taso sai in janye ta."

Ya yi dariya. "Ke da har yau kike farautar harafi da yatsa ɗaya? Ki ɓata min aikin shekaru? Kuma ko an samu matsala, ai ba wanda ya saya. Kyauta ce."

"Kekenka da ba mai hawa sai kai, sai ka gwada shi kake fita."

"Keke in ya ƙwace, wuyana ne."

"Au. Wannan kuma wuyan wasu ne, ko?"

Aka sake danna hon. Barewa ya ce, "To na ji, sai na dawo ɗin." Ya tsallaka titi da gudu.

Amma da ya zauna a mota, sai maganar hawainiyar nan ta dawo masa. Ya ciro waya ya saki sabuwar Tsintsiya ga duniya, bai gaya wa kowa ba. Da azahar wayarsa ta shiga leda.

A ranar nan wani tsoho ya shigo shagon Kawu, yana lalubar bakin ƙofa da sanda, ya rungume wani abu a ƙirji naɗe cikin ƙyalle. Tsohon tela ne, kowa a unguwar ya san shi. Ya daina ɗinki saboda idonsa. Likita ya gaya masa ba yanar ido ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma ganin da ya rage masa ba mai daɗewa ba ne.

Ya kwance ƙyallen. Hoton matarsa ne cikin firem. Ta rasu shekarun baya, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ita ba mai son hoto ba ce. Wannan kaɗai ta taɓa yarda aka ɗauke ta, da girmanta. Rufin ɗakinsa ya yi yoyo ta bayan firem ɗin bai sani ba, hoton ya manne da gilashi, fumfuna ta bi shi ɗigo-ɗigo.

"Mai hoto," in ji Tela, "so nake ka fito min da ita fes, ka yi ta babba. In kalle ta da kyau kafin a kashe min fitila."

Kawu ya ɗauki hoton da kyamara ta cikin gilashin, a hankali, ya juye a kwamfuta. Ya fito da kyau, sai dai tabon fumfunar. Aka share katin kyamarar, don akwai 'yan makaranta a layi suna jiran hoton fasfo.

Tela ya ce a ciro masa takardar daga gilashin kada fumfuna ta ƙarasa ta. Kawu ya ce abu ne mai haɗari, wanda ya manne haka ba ya fita lafiya.

"Ba ta shiga na'urarku ba?"

"Ta shiga."

"To cire. Ba zan bar ta tana ruɓewa a gabana ba."

Kawu ya jiƙa shi a faranti, ya bi shi da dabara. Amma takardar ta riga ta mutu. Fuskar ta saɓule kamar fatar madara, ta narke a ruwa. Kawu ya ce, "Kada ka damu, Baba. Tana nan ciki lafiya lau. Ka dawo jibi."

Washegari Yaya ta zauna ta sa hoton a Tsintsiya kamar kullum. Kafin ta gyara zama an gama. Abin ya ba ta mamaki. Sai ta buɗe hoton ta duba.

Tabon fumfuna ya tafi, gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ya tafi ba. Sabuwar Tsintsiya ba ta bambanta karce da tamojin tsufa ba. Ta share layukan goshi, ta share na gefen baki, ta cike wushirya, ta goge wani ɗan tabo da ke kan gira, ta sassaƙe kumatu. Abin da ya rage fuska ce sumul kamar ƙwai, irin wadda ake gani a jikin kwalin sabulu.

Yaya ta tafi inda Tsintsiya ta saba ajiye na asali. Wayam. Wajen neman sauri Barewa ya taɓa wannan ɓangaren, ya ɓata shi bai sani ba. Sabon hoton a kan tsohon ya kwanta. Ta nemi hanyar komawa baya, babu.

Ta kira ƙaninta, waya a kashe. Kafin la'asar kukan wasu masu hoton ya fara shigowa daga ko'ina. Ta rubuta gargaɗi duk inda hannunta ya kai, amma ba ta da ikon janye abin, don kalmar sirrin tana can kan dutse cikin kan mai ita. Kawu ya ɗauki kwamfutar da katin ya kai wa masu tono abin da aka goge. Suka duba suka ce an riga an rubuta wani abu a kai.

Ranar alkawari Tela ya zo da sabuwar riga. Kawu ba maƙaryaci ba ne. Ya zaunar da shi ya gaya masa komai. Tela ya ce duk da haka a nuna masa. Ya kai takardar kusa da hancinsa, ya karkata ta wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "'Yar wa ce?"

Ya ajiye ta a kan benci, ya naɗe firem ɗinsa da ba komai a ciki, ya fita.

Barewa ya dawo da lambar yabo a wuya. Ƙungiyarsu ta yi abin kirki, har ta samu gurbin shiga wani tsere da ya fi wannan girma, wanda ya daɗe yana mafarkinsa. Da ya yage ledar ya kunna waya, saƙonni suka zubo kamar ruwan sama. Nan take ya janye sabuwar Tsintsiya. Aikin da bai kai a sha kofin ruwa ba, wanda da ya ba yayarsa kalmar nan da tuni an yi.

Ya iso shago ƙafafunsa duk sun yi kanta, ya ɓoye lambar a aljihu. Kawu yana goge gilashin kyamara, bai ɗago ba.

"Kawu, kuskure ne aka samu. Na gyara."

Kawu ya ci gaba da gogewa.

"Kuma ai da Yaya ta ajiye kwafi a wani wuri..."

"Gaskiyarka," in ji Yaya daga ciki. "Na yi sakaci. Ka ce min sai ka dawo, ni kuma na yarda da kai."

Kawu ya ajiye kyamarar. "Ɗana, na taɓa karɓar kuɗi a hannunka da nake ba ka abinci?"

"A'a, Kawu."

"To da na zuba maka tsakuwa a ciki, sai in ce ai kyauta ce?"

Barewa ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ɗauki kwamfutarka ka biyo ni."

Ɗakin Tela ɗaya ne da 'yar baranda. Keken ɗinki yana gefe an lulluɓe shi da zane. Tsohon yana zaune a bakin gado, ya ji shigowarsu.

"Kai ne mai tsintsiya?"

"Ni ne, Baba."

"Sannu da shara."

Barewa ya durƙusa. Ya ce zai dawo da ita. Ƙashin fuskar yana nan, in ji shi, abin da aka share zai mayar da hannu, layi bayan layi.

"Ka san ta?"

"A'a, Baba."

"To da me za ka mayar?"

"Da abin da ka gaya min."

Tela ya matsa gefe. "Zauna."

Daga ranar, kullum in Barewa ya tashi daga ofis, ɗakin Tela yake wucewa. Ya buɗe kwamfuta a kan keken ɗinki, tsohon ya kawo fuskarsa dab da allon.

"Na san awon wuyanta," in ji Tela. "Na san faɗin kafaɗarta, na san tsawon hannunta, ko a barci ka tashe ni. Amma fuska ba a sa mata tef."

Barewa ya ja layi a gefen baki.

"A'a. Ka mai da ita kamar wadda aka ƙwace wa kujera a mota. Ita layinta na dariya ne, sama yake yi."

Ya gyara.

"Wannan hancin kuma na wa ka aro? Mayar wa mai shi."

Da aka zo kan tabon gira, Tela ya yi dariya har da tari. "Ƙofar kabad ce ta sare ta. Ɓera ne ya fito, ta zabura. Ta ce in na gaya wa kowa ɓera ne, in nemi mai dafa min abinci. Kai ne na farko da na gaya wa." Ya share ido. "Hagu ne. A'a, tsaya. In ina kallonta, ta wannan gefen yake. To hagunta ne ko haguna?"

Barewa ya bi mutanen da suka san ta. Ya je wurin ƙanwarta a wani gari, ta ce, "Bakinmu ɗaya, amma ido ba ɗaya ba." Maƙwabciya ta ce mai kumatu ce. Mai shagon lungu ya ce siririya ce. Kawu ya ce fuskokin da suka wuce ta gaban kyamararsa sun fi gaban ya riƙe. Yaya ta duba ta ce, "Kamar ita, kamar ba ita ba." Duk wanda aka tambaya da tasa matar a kansa. Barewa ya yi ta zanawa yana gogewa, yana kai wa Tela wannan yau, gobe wancan.

Ana haka idon yana ja da baya. Da farko allon kwamfuta ya isa. Daga baya sai an ƙara masa haske. Daga baya sai an buga a babbar takarda an fito baranda.

Lokacin tseren da ya daɗe yana mafarkinsa ya matso. Shugaban ƙungiyarsu ya kira ya ce an gaji da jiransa a wajen atisaye, ko ya zo a tafi, ko a sa wani. Barewa ya sami kawunsa.

"Kawu, ba daɗewa zan yi ba. In na dawo sai mu ci gaba."

"Je ka mana. Wa ya riƙe ka? Dutse dai na san zai jira ka. Idon Tela ne ban sani ba."

Barewa ya tsaya a ƙofar shago ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya kira shugaban ya ce a sa wani. Aka sa. Wanda aka sa ɗin ya yi ƙoƙari, ƙungiyar ta riƙe shi, ba a sake neman Barewa ba. A waya ya ga hotunansu sun rungume juna a ƙarshen tsere, laka har wuya.

A makon ne ya rubuta kalmar sirrin ya miƙa wa Yaya. Ta karɓa ta adana. Masu hoto da dama sun cire Tsintsiya daga kwamfutocinsu, kuma ba su dawo ba.

Ya ci gaba da aikin har ya kai inda ya ga ba abin da zai iya ƙarawa. Kawu ya buga masa shi a takarda mafi girma da injinsu ke ɗauka. Da yamma ya kai wa Tela, ya ɗora masa a cinya.

Tela ya ɗaga ta, ya kai ta kusa, ya juya ta nan, ya juya ta can.

"Buɗe min taga."

"A buɗe take, Baba."

Tsohon ya sauke takardar a hankali. Ya shafa ta da tafin hannu kamar mai duba ingancin yadi.

"To kai ka duba min. Me ka gani?"

Barewa ya duba. "Na ga mace mai fara'a. Tana da wushirya. Layin bakinta sama yake yi. Akwai ɗan tabo a girarta."

"Duk wannan ni na gaya maka. Tambayarka nake, ita ce?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka kyauta da ba ka yi min ƙarya ba." Tela ya jingina da bango. "Ni ma yanzu ban sani ba. Ka ga kafin mu fara aikin nan, in na rufe ido ina ganinta. Ba fes ba, amma ita ce. Yanzu in na rufe, sai in ga waɗanda ka yi ta kawo min, wannan kan wancan, mai kumatu da siririya, tabo a hagu, tabo a dama. Na neme ta a cikinsu na rasa."

Barewa ya kifa kansa a gefen gadon. Tsohon ya lalubo ƙeyarsa ya dafa.

"Tashi, yaro. Ka yi iyakar yinka, na ji labarin abin da ka bari saboda ni. Na yafe maka duniya da lahira. Muryarta dai tana nan, wannan ba wanda ya taɓa min." Ya miƙa masa takardar. "Amma ka tafi da wannan. Ba matata ba ce, ba zan kwana da baƙuwa a ɗaki ba. Kai ka kawo ta duniya, kai za ka riƙe ta."

Ya karɓa. Har yau hoton yana rataye a bangon ɗakinsa, saitin inda yake zama aiki. In baƙo ya shigo ya tambaya ko mahaifiyarsa ce, sai ya ce a'a. In an ce to wace ce, dole ya buɗe baki ya ba da labarin tun daga farko, don matar da ke jikin takardar ba ta taɓa rayuwa ba, kuma ba mai ita sai shi.

Darasi: Abin da ka bayar kyauta, da zarar mutane sun dogara da shi ya zama amana a wuyanka. Ba a hana ka wasanka ba, amma kada ka fi tattalin abin da zai taɓa jikinka a kan abin da zai taɓa na wasu. Ka gwada kafin ka saki, ka bar wa wani makulli kafin ka yi nisa, don akwai ɓarnar da ko an yafe maka ba ta gyaruwa. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani, ku fara da na cikin gidanku.